Ba Tsufa Ke Kashe Injin Babur Ba, Gaggawa Ce

Jama'a, akwai wata kalma da ta zama ruwan dare a bakin masu babura a ƙasar Haɗeja, wadda nake so yau mu zauna mu tankaɗe ta mu rairaye. Kalmar ita ce, "Inji ya buga." Da zarar an furta ta a kan tsohon babur, shi ke nan an yanke masa hukunci. Sai a jingine shi a zaure ko a bayan ɗaki, kaji su mayar da shi wurin kwana, tayoyi su sace su tsattsage. Bayan shekara biyu ko uku mai sayen gwangwan ya biyo layi da kurarsa, a ɗora babur a sikeli, a biya kuɗinsa da kilo kamar fasasshiyar tukunya.

Ni dai a ganina, da yawa daga cikin injinan nan da ake cewa sun buga da sauran numfashinsu. Abin da ke ƙarasa su gaggawa ce: gaggawar mai babur ya buga kik, gaggawar bakanike ya sauke inji tun bai gano cutar ba, da gaggawar magada su rabu da abin da suke kira tarkace. Na san wani zai ce me ya haɗa marubucin littattafan soyayya da baƙin mai? Mai karatu ka yi haƙuri ka biyo ni, abin da zan faɗa na gan shi da idona, kuma ya shafi aljihun duk wanda ke zaune a bakin kogin nan.

Bari mu fara da sanin baburan da ake magana a kansu. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1980 ya san su. Akwai Vespa ta ƙasar Italiya, wadda aka fara ƙerawa tun 1946, abin hawan 'yan kasuwa da dattawa masu babbar riga. Akwai Honda Benly mai silinda biyu, mai kuka a hankali kamar ana kaɗa ganga daga nesa. Akwai Suzuki A100 da Yamaha YB100, masu ƙona fetur haɗe da baƙin mai, suna tafe suna barin shuɗin hayaƙi a baya. Da yawansu sun shigo gidajenmu ne bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnatin Janar Gowon ta biya ma'aikata a 1975 haɗe da ariyas. Malamin firamare da malamin gona da malamin asibiti duk suka ajiye keke suka hau mashin. Kasuwar ta yi daɗin da har kamfanin Honda ya kafa reshensa na harhaɗa babura a Ota ta jihar Ogun a 1979. Daga baya ne Jincheng da roba-roba 'yan ƙasar Sin suka cika gari da arha, sannan Bajaj Boxer ta Indiya ta zo ta karɓe hanya. Tsofaffin suka koma lungu.

A ƙasar Haɗeja babur ba kayan ado ba ne. Shi ke kai manomi fadama, shi ke ɗauko kifi daga ƙauyukan Guri da Kirikasamma ya kawo kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare inda mota ba ta iya shiga. Kuma ƙasar tamu ta haɗa wa inji maƙiya biyu da ba kowace ƙasa ce ta haɗa su ba: rairayin jigawa da rani, ruwan kogi da damina.

Maganar ruwan ba sai an yi wa mutumin Haɗeja dogon bayani ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗeja ta sauya. Ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi ya wuce, don haka in damina ta yi ƙarfi sai ya nemi wata hanyar, wadda sau tari ita ce cikin gari. Mutanen Auyo ba za su manta da 2018 ba. A 2020 da 2022 ma an ga yadda ruwa ya mamaye garuruwa da gonaki a masarautar, matasa suna kwana a bakin jinga da buhunan ƙasa. In ruwa ya janye ana ƙirga gidajen da suka rushe, da gonakin shinkafa, da dabbobi, kuma hakan daidai ne. Amma akwai asarar da ke biyo baya shiru-shiru, ta babura da injinan ban-ruwa da suka kwana a cikin ruwa. Wannan asarar, rabinta hannun mutum ne ke jawo ta bayan ruwan ya tafi.

Ga yadda abin yake. Aikin inji shi ne fistan ya taso ya matse iska da fetur a ɗan ƙaramin wuri, fulogi ya ba da wuta, abin ya fashe ya tura fistan ƙasa. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa ko kaɗan. Ɗauki Benly CD175, wadda Honda ya ƙera daga 1967 zuwa 1979. Girman injinta sisi 174 ne, wato kowace silinda tana ɗaukar sisi 87. In fistan ya kai ƙarshen tasowarsa, wurin da ya rage a samansa bai wuce sisi 11 ba, kimanin cokalin shayi biyu da ɗan ɗori. To in ruwan da ya fi haka ya shiga ta salansa ko ta kafireta ya zauna a kan fistan, ka zo ka taka kik da ƙarfinka, ko ka sa yara su tura ka a giya, fistan zai taso ya ci karo da ruwa kamar ya ci karo da dutse. Dole wani abu ya ba da kai. Yawanci kwanrod ne, wato sandar da ta haɗa fistan da karanshaf, sai ta lanƙwashe. Ruwan da ya kwana uku a cikin inji bai yi ɓarnar da taku ɗaya na kik ya yi ba.

Haka ta faru da Benlin kawuna, tsohon malamin makaranta, wadda ya saya a shekarun Udoji ya riƙe ta kamar ƙwai. Ambaliyar 2020 ta same ta a zaure a wani ƙauye ta wajen Auyo. Da ruwa ya janye, wani matashi a gidan, da kyakkyawar niyya, ya hau ya yi ta buga kik har kik ɗin ya tsaya cak. Aka tura ta gareji mafi kusa. Yaron garejin ya taka kik sau ɗaya, ya ji ya ƙi motsi, ya ce, "Ai Baba wannan ta buga. Sai dai a cire injin a sa na roba-roba." Kawu ya ce a mayar masa da abarsa gida. Ta zauna shekara huɗu a jingine. Bayan rasuwarsa aka fara maganar mai gwangwan, ni kuma na ce a ba ni ita a cikin rabona. Na ɗora ta a bayan a-kori-kura na kai ta wurin wani dattijon bakanike a cikin garin Haɗeja, wanda ya koyi sana'a tun ana yayin irinta.

Abin da ya fara burge ni shi ne, ranar farko dattijon nan bai kwance noti ko ɗaya na jikin injin ba. Tambayoyi ya yi ta yi mini kamar alƙali.

"Malam, ruwan har ina ya kai?"

Na ce, "Baba, sun ce ya rufe inji har ya taɓa ƙasan tanki."

"Kwana nawa ta yi a ciki?"

"Uku ko huɗu."

"Kafin ruwan tana hayaƙi? Tana shan baƙin mai?"

"Lafiyarta ƙalau, Baba. Marigayi ba ya wasa da juyen mai."

"Bayan ruwa ya janye an taka ta?"

Na ce an taka. Ya girgiza kai ya ce, "To a nan gizo ke saƙa. Je ka, ka dawo bayan mako guda."

Ban tafi ba, na nemi benci na zauna. Ya kwance notin juye ya tara kwano. Ruwa ne ya fara fitowa, don ya fi mai nauyi yana kwanciya a ƙasa, sannan wani abu fari-fari mai kama da kunun gyaɗa ya biyo baya, wanda shi ne baƙin mai da ya gauraya da ruwa. Ya shafa shi tsakanin yatsu biyu yana jin laka da rairayi. Ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifika ya juya a cikin kwanon, ya duba. Ya ce in ɓarɓashin ƙarfe ya manne, to boris ko haƙorin giya ne ke ci. In kuma ka ga abu yana ƙyalli amma ya ƙi mannewa, to alminiyam ne, daga fistan ko kan inji. Bai samu ko ɗaya ba sai jan tsatsa. Ya cire fulogai biyu, na hagu ya yi tsatsa har zarensa, na dama da sauƙi. Ya zuba gas haɗe da ɗan baƙin mai ta ramukan fulogin ya toshe da tsumma. Kullum da safe sai ya sa sufana a notin karanshaf ya ɗan girgiza gaba da baya, ba da ƙarfi ba. A rana ta shida injin ya motsa.

Daga nan ya yi wata dabara da har yau nake jinjina mata. Ita wannan Benlin, fistan ɗinta biyu tare suke tasowa tare suke sauka. Sai ya samo wayar ƙafar keke ya zura ta ramin fulogin dama, ya juya inji har fistan ya kai ƙololuwa, ya yi alama a jikin wayar. Ya zura ta a na hagu ya sake yin haka. Alamar ta nutse ciki da ɗan kaɗan. Ya ce, "Ka gani? Na hagu ba ya kaiwa inda ɗan'uwansa ke kaiwa. Sandarsa ta lanƙwashe." Mai karatu, ka lura, har zuwa lokacin bai buɗe injin ba, amma ya san abin da zai tarar, ya kuma faɗa mini kayan da zan nema da waɗanda kada in ɓata kuɗina a kansu.

Da aka buɗe, maganarsa ta tabbata. Kwanrod na hagu ya lanƙwashe. Silindar hagu tsatsa ta ci ta ta yi ramuka, ringi sun manne a jikin fistan, bawul biyu sun yi tsatsa a mazauninsu, boris ɗin karanshaf sun yi tabo saboda daɗewa a ruwa. Matatar mai ta wannan injin wani ɗan kofi ne da ke juyawa a ƙarshen karanshaf yana wurga datti jikin bangonsa, an same shi cike da laka kamar an ɗebo daga bakin kogi. Amma kamshaf da kan inji lafiya lau, giya ba abin da ya same ta sai tsatsar sama-sama, gangar injin ba tsagewa ko ɗaya. Wannan shi ne injin da aka ce ya buga.

Yanzu mu yi lissafi. Da a ranar da ruwa ya janye an cire fulogi an fitar da ruwa an juye mai, da abin da za a kashe bai wuce kuɗin baƙin mai lita huɗu ko biyar ba. Kik ɗin gaggawa ya ƙara kwanrod. Hukuncin gaggawa na yaron gareji ya sa aka jingine ta shekara huɗu da ruwa a ciki, wannan ya ƙara borin da fistan da ringi da boris. Kogi ya yi nasa, amma kaso mafi tsoka na ɓarnar ba shi ya yi ba.

Gyaran ma da natsuwa aka yi shi. Karanshaf ɗin irin wannan injin harhaɗa shi aka yi da matsi, ba a sauya masa kwanrod da guduma, don haka sai da aka kai shi Kano wurin masu injin matsawa, suka raba shi suka sa sabo suka daidaita shi kada ya riƙa rawa. Wajen borin nan ma akwai darasi. Faɗin silindar milimita 52 ne, kuma fistan ɗin ƙari hawa huɗu ne: 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. Dattijon ya ce kowane hawa rai guda ne na injin. Masu gaggawa sukan tsallaka su tafi na ƙarshe don shi suka samu a shago, su cinye wa inji rayuka uku a zama ɗaya. Shi kuwa sai da aka auna zurfin ramukan tsatsar aka ga 0.25 ba zai share su ba, sannan ya yarda da 0.50, ya kuma ce sai an kai fistan ɗin tare da silinda, a yi borin daidai da shi. Kafin ya ɗora ringi a fistan, sai da ya zura kowanne shi kaɗai a cikin silinda ya duba tazarar bakinsa, don ringin da bakinsa ya haɗe in ya ɗau zafi ba shi da wurin buɗewa, sai ya karce bango ko ya karye. Bawul kuwa ya goge su a mazauninsu da man gogewa, yana murza su tsakanin tafukansa kamar mai burga miya, sannan ya kifa kan injin ya zuba fetur ya jira ya ga ko zai tsiyaya. Da bai tsiyaya ba ya ce sun zauna.

Akwai wurin da ya fi tsayawa a kai, wato hanyoyin mai. A irin waɗannan injinan, baƙin mai yana hawa sama zuwa kamshaf ta wasu 'yan siraran hanyoyi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da waya da iska. Ya ce babban abin da ke kashe injin da aka gama gyarawa shi ne gam ɗin da yara ke lafta wa gaskit kamar suna shafa wa biredi bota. In aka ɗaure noti sai gam ɗin ya matso ciki ya toshe hanyar, kamshaf ya yi ta juyawa a bushe har ya cinye kan inji. Ya saita bawul a milimita 0.05 injin yana sanyi, kwantak tsakanin 0.3 da 0.4, fulogi tsakanin 0.6 da 0.7, duk da ma'auni, ba da ƙiyasin ido ba. Da ta tashi ya bar ta ta yi zafi, ya juye man ya sa sabo, ya ce in yi ta lallaɓa ta na 'yan ɗaruruwan kilomita, kada in murɗe totur, kada in ɗauki kaya, in dawo a sake juyewa.

Ba injin da ya sha ruwa kaɗai ke bukatar irin wannan bincike ba. Injin da ke tashi ma yana faɗin cutarsa ga mai sauraro. Hayaƙi shuɗi a injin da ba a haɗa masa mai da fetur alama ce yana ƙona baƙin mai, baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. Bakin fulogi in ya yi ruwan ƙasa lafiya ce, in ya yi baƙi a bushe kafireta ce ko matatar iska, in ya yi baƙi da maiƙo mai ne ke hawowa, in ya yi fari fat injin yana ƙuna da ƙarancin fetur. In ƙarfin matsi ya ragu, a zuba ɗan cokalin baƙin mai ta ramin fulogi a sake gwadawa: in matsin ya ƙaru ringi ne, in bai ƙaru ba a duba bawul ko gaskit. Dattijon yakan ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji ya kara ƙotar a kunnensa. Ƙas-ƙas a sama tazarar bawul ce, aikin minti goma. Shar-shar a tsakiya sarƙar taimin ce ta saki. Ƙwal-ƙwal mai nauyi daga ƙasa, wadda ke ƙaruwa in an ba da wuta, ita ce ke sa a sauke inji. Sau nawa aka sauke inji kacokan saboda ƙarar da sufana lamba goma da sukudireba za su kashe?

Shi kuma rairayi, ɗayan maƙiyin, a hankali yake kisa. Za ka ga matashi ya cire matatar iska ya jefar wai don mashin ya ƙara gudu, sannan ya bi hanyar Birniwa cikin ƙurar hunturu. Duk ƙurar da injin ya shaƙa tana haɗuwa da mai ta zama man gogewa, ta yi ta cin silinda. Wannan ba sabon abu ba ne, kuma ba mu kaɗai ba ne. A 1974 injiniyoyin Honda sun zaga ƙasashen Asiya irin su Tailan da Indonesiya, suka tarar ana lafta wa babura kaya, ba a juye mai sai ya zama kwalta, ba a kai su gareji sai sun tsaya. Abin da ya sa suka fito da CG125 a 1975 ke nan, da inji mai jure sakaci da matatar iska ta soso wadda ake wankewa. Su masu ƙerawa sai da suka je suka duba kafin su yanke hukunci. Masu Vespa da Suzuki da Yamaha kuma nasu ciwon daban ne: a cire famfon mai a riƙa zuba baƙin mai a tanki da ka, yau ya yi yawa gobe ya yi kaɗan. Vespar da ke son kashi 2 cikin 100, ma'anarsa mililita 20 a kowace litar fetur, kuma murfin gora ba ma'auni ba ne. Irin waɗannan injinan in suka sha ruwa sun fi gaggawar lalacewa, don fetur da iska ta cikin gangar karanshaf suke bi, nan ruwan ke kwanciya a kan boris.

Na san akwai masu ja da ni, kuma suna da hujja. Na farko zai ce kuɗin da ka kashe a tsohuwar Benly ai da ka ƙara ka sayi Boxer. Gaskiya ne, in haya za ka yi ko jigilar kifi kullum, sayi wadda kayan gyaranta ke kowane shago. Na biyu zai kawo maganar fetur. Tun da aka cire tallafi a 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma tsofaffin injina masu hayaƙi sun fi na yanzu sha. Wannan ma ban musa ba. Na uku zai ce kayan gyaran sun yi wuya, wanda ake samu kuma jabu ya yi yawa. Haka ne, na sha yawo a kasuwannin Kano kafin in haɗa nawa, wani abin ma sai a jikin wata matacciyar Benly aka ciro shi. Kuma akwai injin da ni ma zan ce a haƙura: wanda gangarsa ta fashe, ko kamshaf ya cinye kan inji ba a samu madadi ba.

Amma duk waɗannan hujjoji suna magana ne a kan ko a gyara ko kada a gyara. Ni tawa maganar ta riga wannan: a san cutar tukuna. Wanda ya san kwanrod ɗaya da ringi ne matsalarsa, in ya ga ba zai iya ba ya sayar, ya sayar da ido buɗe kuma da daraja. Wanda aka ce masa "ya buga" kawai, shi ke bayar da babur a farashin kilo. Kuma ita Boxer da ake yabo, da injin ban-ruwan da manomin fadama ya ci bashi ya saya, in suka kwana a ruwa dokar ɗaya ce. Yaron da bai iya binciken Benly ba, ba zai iya binciken su ba.

A nan ne zan juyo kanmu masu babura, don laifin ba na yaran gareji kaɗai ba ne. Mu ne ba ma biyan kuɗin dubawa. In ka je asibiti ka yanki kati, likita ya duba ka ya ce ba ka da komai, ka biya ka yi godiya. Amma bakanike ya ɓata awa biyu yana saurare da aunawa ya ce maka bawul ne kawai, sai ka miƙa masa kuɗin shayi ka ce ai bai yi komai ba. In kuwa ya baje injin a ƙasa ya rubuto maka dogon lissafin kaya, sai ka ga ya yi aiki. To wa zai koya wa yaro haƙurin bincike alhali a sauke inji ake samun na tuwo? Mun mayar da sani kyauta, mun sa wa ɓarna farashi. Dattijon da ya gyara mini Benly na biya shi ladan makon nan na farko daban, ya yi ta mamaki, ya ce tun da yake ba a taɓa biyansa kuɗin tunani ba.

Su kuma dattawan nan ƙarewa suke yi, kuma abin da ke kansu ba a rubuce yake ba. A Ingila akwai gidan tarihin babura kusa da Birmingham da aka buɗe a 1984. A 2003 gobara ta cinye ɗaruruwan babura a cikinsa, amma ba su kira mai gwangwan ba, suka zauna suka yi ta farfaɗo da waɗanda za su farfaɗu, suka sake buɗe gidan a ƙarshen 2004. Sun iya ne don suna da littattafai da ma'aunai da mutanen da aka koya wa. Mu ba gidan tarihi nake nema mana ba tukuna. Ina ganin ƙungiyoyin makanikai na Haɗeja da Malam Madori da Kafin Hausa za su iya ware rana su zaunar da yara gaban dattawa. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja za ta iya gayyato irin waɗannan dattawan su tsaya gaban ɗalibai da sukudirebansu. Gidajen rediyo su riƙa tunatarwa tun watan Yuli kafin kogi ya kawo. Mu marubuta kuma, da muka iya cika shafi goma wajen siffanta motar saurayi, mu daure mu samar da ɗan littafi ko da mai shafi arba'in ne da Hausa a kan yadda ake duba inji. Na tabbata zai shiga ƙauyen da littafin soyayya bai taɓa shiga ba.

Kafin a kai ga wannan, ga abin da kowa zai iya riƙewa. In ruwa ya rufe maka babur ko injin ban-ruwa, kada ka taka kik, kada ka ja igiya, kada ka bari a tura. Cire fulogi, juye baƙin mai, zubar da abin da ke cikin tanki da kafireta, cire matatar iska, ɗaga gaban babur ruwan salansa ya fita. Sannan ka juya injin a hankali da hannu, fulogi a cire, har ruwa ya daina fesowa. Zuba ɗan mai ta ramin fulogi, sa sabon baƙin mai, tayar da shi ya yi zafi, juye, maimaita har man ya daina fari. Ka yi wannan a ranar ko washegari, don tsatsa ba ta jiran ka gama gyaran katanga. In kuma an ce maka inji ya buga, ka tambaya cikin ladabi: mene ne ya buga a ciki, kuma yaya aka yi aka sani? Bakaniken kirki zai ji daɗin tambayar. Wanda ya fusata, tura abinka gaba.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.